Na saka sabbin shokazoba a Prado, yanzu ƙara ta hana ni sakat

Mai Prado:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan aikin nan. Motata Prado 120 ce, ƙirar 2007. Makonni biyu da suka wuce na cire shokazoban da ta zo da su, don na baya sun fara zubar da mai, na gaba kuma sun saki har motar tana lilo kamar kwalekwale in na taka burki. Na sayo na wani kamfani daban, masu iskar gas, haɗe da sifirin guda huɗu da aka ce suna ɗaga mota milimita 50. Ni da ƙanena muka ɗaura su da hannunmu cikin kwana biyu.

A kan kwalta lafiya lau, motar ta tsaya da ƙafafunta, lilon ya tafi. Amma da na sauka burji sai ƙara iri uku ta bayyana. Ta farko daga baya ce, gefen hagu, ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙaramar guduma a jikin shasi, ko da ina tafiya a hankali a kan ƙananan duwatsu. Ta biyu a gaba take, ƙiiƙ-ƙiiƙ irin ta tsohuwar ƙofa, kuma tana fita ko motar na tsaye in na danna bamba da ƙarfi. Ta uku ba kullum ba, sai tayar gaba ta faɗa rami in ji dum guda ɗaya a ƙarƙashin ƙafata. Na sake bin notocin ƙasa da sifana, duk a ɗaure suke tam. Don Allah daga ina zan fara?

Direban Daji:
Wa alaikumus salam. Maigida kada ka wahalar da kanka, an haɗa ka da jabu ne, ko kuma wanda ya lalace tun yana cikin kwali. Sabon shok mai kyau ba ya ƙara. Cire su ka mayar tun ba su ce ka yi amfani da su da yawa ba.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Direba, a dakata tukuna, kada a yanke wa shok hukunci ba a saurare shi ba. Shok huɗu, ƙara uku daban-daban, a wurare daban-daban, ba zai yiwu a ce duk laifin masana'anta ba ne. A abin da na gani a wannan sana'a, in sabon shok ya fara ƙara a makon farko, kusan kullum matsalar tana wajen ɗauri, ba a cikin bututun ba.

Mai Prado, amsa min waɗannan. Lokacin da ka yi ɗaurin ƙarshe na bol ɗin ƙasa, motar tana kan jek tayoyi na reto, ko ta sauka ƙasa? Notin saman shok na baya, da me ka riƙe sandar lokacin da kake murɗa shi? Wosha da robobin saman nan, ka bi takardar da ke cikin kwali ko ka kwaikwayi yadda tsofaffin suke? Sannan notin tsakiya na shok ɗin gaba, da hannu ka ɗaure ko da injin iska?

Mai Prado:
Baba na gode. Duk ɗaurin a sama muka yi shi, tayoyi ma a cire suke, don ya fi sauƙin shiga da sifana. Na baya kuma wurin matsattse ne ƙwarai, da ƙyar hannu ke shiga. Ina murɗa notin sandar tana bin sa, sai ƙanena ya damƙe ta da hannu ta kan rigar robar nan, na murɗa har na ji ya ɗan yi tauri, na bar shi. Wosha kuwa gaskiya ban duba takarda ba. Notin tsakiya na gaba da injin iska muka buga shi.

Tsohon Bakanike:
To alhamdu lillahi, ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Bari in fara da ƙarar baya, don ita ce mafi sauƙi.

Saman shok ɗin bayan wannan motar ba ido ba ne, sanda ce mai zare da ke ratsa rami a jikin shasi. Jerin kayan kuwa shi ne wosha, roba, ƙarfen shasi, roba, wosha, sannan noti. Aikin robobin biyu su matse ƙarfen shasi sama da ƙasa, su kuma riƙe sandar a tsakiyar ramin kada ta taɓa gefe. Shi ya sa za ka ga ɗaya daga cikin robobin, ko woshar da ke kusa da ramin, tana da ɗan leɓe da ke shiga cikin ramin. In aka kife ta, leɓen ya kalli wani wajen, sandar sai ta riƙa yawo tana bugun ƙarfe. In kuma notin bai kai inda ya kamata ba, akwai sarari tsakanin roba da shasi, duk lokacin da shok ya canja alkibla daga matsewa zuwa buɗewa sai ya buga. Ƙwas-ƙwas ɗin da kake ji a kan ƙananan duwatsu ke nan.

Hannun mutum ba ya iya riƙe sandar shok. Duba kanta can sama, za ka ga ko dai ramin alanki, ko an fafe gefe biyu don ƙaramar sifana. Da shi ake riƙewa a murɗa notin. Kuma ina roƙonka kada ka kama sandar mai ƙyalli da filaya. Ƙarzane ɗaya ya isa ya yanka sil ɗin da ke tare mai, wata biyu ka ga mai yana tsiyaya, a nan ne shok ɗin zai lalace da gaske. Ka ɗaure har robar ta kumbura ta kai faɗin wosha, ko yadda takardar ta faɗa. Wuce haka kuma murƙushe robar ne.

Injin iska a notin tsakiya ma ba a so. Yana juya sandar da gudu a cikin sil, kuma yana iya sassauta notin da ke riƙe fistin daga ciki. Mu yi fata bai yi ɓarna ba, amma a gaba da hannu za ka yi.

Ɗan Gareji:
Baba, na yarda da batun wosha. Amma maganar ɗaurewa a ƙasa, mu dai a sama muke ɗaure komai mu sauke mota, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo washegari yana kuka ba.

Tsohon Bakanike:
Ɗana, ba washegari zai dawo ba, bayan wata shida zai dawo, ko ya tafi wani garejin a ce masa bushin ɗin, wato robar idon shok, ba shi da kyau. Ɗauki tsohon shok ka duba idonsa na ƙasa. Akwai bututun ƙarfe a tsakiya, akwai roba kewaye da shi, robar kuma a manne take da bututun. In ka ɗaure bol, bututun ne ake matsewa tsakanin kunnuwan ƙarfe biyu, ba ya sake juyawa. Duk motsin da shok zai yi, robar ce ke murɗewa ta dawo. To in ka ɗaure taya na reto, ka kulle robar a wannan matsayin. Da ka sauke mota, nauyi ya hau, robar ta riga ta murɗe tun motar ba ta motsa ba. In ta shiga rami sai ta ƙara murɗewa fiye da ƙarfinta. Da farko kuka take yi, daga baya ta tsage.

Gyaran ba wuya. A sassauta bol ɗin kaɗan, mota na ƙasa a wuri mai daidaito, a danna ta sau biyu uku, a ɗan tura ta gaba da baya ta zauna, sannan a ɗaure da sifana mai awo daidai adadin da littafin motar ya faɗa. In babu wurin shiga, a hau da ita kan ramin gareji ko kan gadar hawa. Wannan doka ba ta shok kaɗai ba ce, har bushin ɗin lowa am da opa am, wato hannun ƙasa da na sama da ke riƙe tayar gaba, da sandunan aksil na baya, duk wanda aka kwance a ƙasa ake ƙarasa ɗaurinsa.

Ɗan Gareji:
To ai akwai bushin masu launin ja da rawaya da ake sakawa yanzu, su ma haka?

Tsohon Bakanike:
Waɗancan foliyuritan ne, ba a manne suke da bututun ba, suna juyawa a kansa. Su ɗaurin sama bai dame su sosai ba. Nasu ciwon shi ne in giris ɗinsu ya bushe, ko ƙura ta shiga, kukansu ya fi na roba. Ni a idon shok roba na fi so, tana shanye girgiza, ba ta neman a riƙa shafa mata komai.

Mai Hilux:
Sannunku. Mai Prado, tunda za ka kwance bol ɗin ƙasa, ka zare shi gaba ɗaya ka gwada shi a cikin bututun idon shok da hannu. Ni abin da ya same ni ke nan a wata mota da na taɓa riƙewa. Wata uku ina fama da bugu a baya. Na canja bushin ɗin sitabilaiza, sandar nan da ke hana mota kwanciya a kwana, na canja linkej ɗin da ke haɗa ta da ƙafar mota, har salansa na sa aka sake ratayewa, ƙara tana nan. Ashe bututun da ya zo da shok ɗin na rabin inci ne, wato milimita 12.7, bol ɗin motar kuma milimita 12. Tazarar 0.7 kacal, ido ba ya ganinta, kuma in ka girgiza shok ɗin da hannu ba za ka ji komai ba don bol ɗin a matse yake. Amma nauyin mota a kan gargada yana tura shi sama da ƙasa. Da na zaro bol ɗin sai ga zobe mai ƙyalli a jikinsa inda bututun ya riƙa cinsa. Kayan da aka ƙera da awon inci a kan motar da aka ƙera da awon milimita, a riƙa lura da wannan. Wasu kamfanonin suna sako bututu iri biyu ko uku a cikin leda, mutum ya zaɓi wanda ya dace, sai a ɗauki na farko da hannu ya taɓa.

Ka kuma duba tsawon bututun. In ya fi tazarar kunnuwan gajarta, bol zai ɗaure amma bai kama shi ba.

Direban Daji:
Duk na ji, amma ni har yanzu ina zargin shok ɗin. Hanya mafi sauri: ya cire na bayan hagu gaba ɗaya ya zaga da motar. In ƙara ta ɗauke, magana ta ƙare.

Injiniya:
Direba, wannan gwajin yana da haɗari a motar da bayanta ke kan sifirin mai naɗi. Shok ɗin ne ke hana aksil sauka fiye da kima. In babu shi, taya ta faɗa rami, sifirin na iya fita daga mazauninsa, tiyon burki kuma ya miƙe har ya tsinke. Na gaba ma ba ya ciruwa sam, don shi ke ɗauke da sifirin, sifirin ke ɗauke da mota. Ban da haka, ko ƙarar ta ɗauke ba ka san ko shok ɗin ne ko ɗaurinsa ba, tunda duka biyun ka cire.

Abin da ya fi shi ne musanya: na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, a ɗaure su daidai. In ƙara ta bi shok ɗin zuwa dama, ka yi gaskiya, a mayar da shi. In ta tsaya a hagu, wani abu ne a wannan gefen. In ta ɓace, ɗauri ne.

Ni ƙara ta uku ce ta fi ɗaukar hankalina, dum ɗin nan da ke zuwa lokacin da taya ta faɗa rami. Lura da kyau, ba lokacin da taya ta hau tudu ba, lokacin da ta sauka. Wannan yana nuna ƙafar ta kai ƙarshen buɗewarta. Mai Prado, ka auna tsayin motar kafin aiki da bayansa? Kuma shok ɗinka na gaba yana da tsagi-tsagi a jiki inda ake sa zoben ƙarfe da ke riƙe mazaunin sifirin?

Mai Prado:
Na auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi kafin mu fara, na rubuta a takarda. Yanzu na fita na sake aunawa. Baya ya ƙaru da milimita 50 daidai, gaba kuma 75. Tsagin kuwa akwai su, guda huɗu. Na sa zoben a na can sama, don ina son gaban ya yi daidai da bayan.

Injiniya:
To ga dum ɗinka nan. Ka ɗaga gaban sau biyu: sifirin ɗin da kansa mai ɗagawa ne, ka kuma ƙara masa da tsagin sama. Waɗannan tsagin galibi an yi su ne don wanda zai yi amfani da sifirin ɗin asali yana son ɗan ƙarin tsayi, ko wanda ya ɗora wa gaban mota nauyi kamar bambar ƙarfe da winci. Ka duba takardar shok ɗin, yawanci suna faɗin tsagin da ya dace da kowane sifirin.

Abin da mutane ba sa lura da shi a ƙafar gaba mai hannu biyu shi ne, shok ɗin ba a bakin taya yake ba, yana wajen tsakiyar lowa am. Saboda haka duk milimita ɗaya da ka ƙara a mazaunin sifirin, a wajen taya yana zama kusan biyu. Kuma tafiyar ƙafar daga can sama zuwa can ƙasa tana da iyaka, ɗaga mota ba ya ƙara ta. Abin da ka samu na tsayi, daga rabon saukar taya ka cire shi. Ka ɗaga 75, sauran saukar da ta rage kaɗan ce, ƙaramin rami ya isa ya cinye ta, sifirin mai ƙarfi ya harba ƙafar ƙasa, ta tsaya cak. Ko dai shok ɗin ne ya kai ƙarshen tsawonsa, ko opa am ya sauko ya bugi sifirin.

Ga yadda za ka gane. Ɗaga motar ta shasi har tayar gaba ta bar ƙasa, ka tallafe ta da ƙafar ƙarfe, ka haska tocila. Nemi wurin da fenti ya goge ƙarfe yana ƙyalli: a ƙasan opa am kusa da boljoyin, gaɓar da ke haɗa shi da ƙafar taya, a jikin naɗin sifirin, da inda sitabilaiza ke wucewa gaban sifirin. A irin wannan motar sitabilaiza tana kusa da sifirin sosai, shi ya sa ake sayar da ƙarafan da ke matsar da ita gaba kaɗan. Ka juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe kana kallo. In ba ka ga alama ba, shafa alli a wuraren, ka zaga, ka dawo ka ga inda ya goge.

Tsayin da ya wuce kima yana kuma karkatar da sandar da ke kai wa tayar gaba ƙarfi, robar da ke rufe gaɓarta ta riƙa goga kanta har ta yage. Ba ƙara kaɗai ba ce matsalar.

Tsohon Bakanike:
Injiniya ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, kuma da babbar murya. Sauke zoben nan yana nufin sake matse sifirin. Sifirin ɗin gaba na irin wannan mota, in yana matse, ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya karya hannu ko ya fasa kai. Kada ka taɓa notin tsakiya sai na'urar matsewa ta kama sifirin gefe biyu daidai, ka ga ya saki mazauninsa. In taka na'urar ƙarama ce irin ta ƙananan motoci, ciro shok ɗin dunƙule ka kai wa masu babbar na'ura ta jikin bango. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jek kaɗai. In za a mayar, a tabbata wutsiyar sifirin ta zauna a ɗan matakin da aka yi mata, in ba haka ba ita ma ƙara ce ta huɗu.

Ɗan Koyo:
Manya, ku yi haƙuri da ni in tambaya ta. Sabbin shok ɗina in na hau tudu ina jin shuu-shuu kamar ana fesa iska. Shi ma matsala ce? Sannan an ce min dole a riƙa matsa shok ana buɗewa kafin a ɗaura, gaskiya ne?

Injiniya:
Shuu ɗin nan mai ne ke ratsa bawul, aikin shok ke nan. Yana mayar da motsin sifirin zafi ta hanyar tilasta wa mai bi ta ƙananan ƙofofi. In babu bugu tare da shi, kwantar da hankalinka.

Batun matsawa kafin ɗauri ya danganta da irin shok. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, inda mai da iska ke zaune tare a bututun waje. In ya daɗe kwance a kwali, iska tana iya shiga bututun ciki, sai ka ji yana da wani ɗan wuri da yake wucewa babu tauri. Shi ake tsayarwa kai sama a matsa a buɗe sau huɗu biyar, kuma ba a ɗaura shi a kife. Nitrocharger na Old Man Emu, na kamfanin ARB na Ostireliya, irin wannan ne. Akwai kuma mai bututu ɗaya, wanda wani fistin mai yawo ya raba mai da iskar naitirojin, ba sa haɗuwa sam. Wani Bafaranshe ne, Bourcier de Carbon, ya fito da dabarar a farkon shekarun 1950, kamfanin Bilstein na Jamus kuma ya fara ƙera shi wa Mercedes-Benz a 1957. Wannan ba ya buƙatar matsawa.

A doguwar gargada bambancin ke fitowa. Shok na aiki ba hutu, mai ya yi zafi, a mai bututu biyu yana iya yin kumfa, sai shok ya saki motar ta fara tsalle. Mai bututu ɗaya ya fi saurin fitar da zafi don bangonsa ne ke shan iska kai tsaye, amma in dutse ya lotsa bangon nan fistin ya maƙale, alhali mai bututu biyu na waje ne zai lotsa, na ciki yana nan lafiya. Masu ƙaramin tanki a gefe irin na kamfanonin Fox da King ƙarin mai ne da ƙarin wurin sanyaya. Kowanne dai ba a kusantar da shi ga wuta, ba a huda shi.

Direban Daji:
Nan kam na yarda da Injiniya. Na taɓa tsayawa bayan awa biyu a gargada na kai hannu kusa da shok, zafinsa ya hana ni taɓawa. Tun daga nan nake rage iskar taya kaɗan in zan shiga irin wannan hanya, taya ta shanye ƙananan girgizar kafin ta kai ga shok, in na dawo kwalta in mayar.

Mai Prado:
Jama'a na dawo da rahoto. Jiya da safe na fara da baya. Na sa alanki a kan sandar hagu, sai ga notin yana ta tafiya, ya yi zagaye kusan biyar bai yi tauri ba. Sai na ce bari in kwance gaba ɗaya in gani. Baba, kamar kana wurin: woshar mai leɓe a kife take, leɓen yana kallon ƙasa. Sandar ta goge gefe ɗaya tana ƙyalli daidai inda take bugun bakin ramin, robar ƙasa kuma ta yanke kamar an sa mata wuƙa. Na dama woshar daidai take, amma shi ma notin bai kai ba. Na samo sabbin robobi, na jera yadda takarda ta nuna, na ɗaure. Ban ma kai ga musanyar da Injiniya ya ce ba. Na bi hanyar da ta fi tayar da ƙarar sau uku, shiru.

Mai Hilux, na gwada bol ɗin gaba a cikin bututu, ya shiga cif babu wasa. Na sauke motar na ɗaure a ƙasa. Lokacin da na sassauta na dama har na ji robar ta yi ɗan motsi ta koma mazauninta. Kukan ya ragu sosai, amma akwai saura kaɗan in na hau tudu da taya ɗaya.

Na uku kuma, akwai tabo mai ƙyalli a naɗin sifirin na sama, gefe biyu, daidai inda opa am ke saukowa.

Tsohon Bakanike:
Madalla, ka yi aiki. Sauran kukan da ke fita in taya ɗaya ta hau tudu, sitabilaiza ce ke murɗawa a cikin robobinta biyu da ke jikin shasi. Ɗaga mota ya canja mata zama, ta koma juyawa a wurin da ba ta saba ba. Kwance linkej ɗin gefe biyu, ka ɗaure sandar da waya kada ta taɓa komai, ka zaga a hankali a fili, ba a kan titi ba, don motar za ta fi kwanciya a kwana. In kukan ya tafi, ita ce. Ciro robobin ka wanke, in sun tsage ka canja.

Ɗan Gareji:
Ya ɗan zuba musu baƙin mai, nan take za su yi shiru.

Tsohon Bakanike:
A'a ɗana, kada ka koya masa wannan. Baƙin mai da giris na yau da kullum daga ɗanyen man fetur aka samo su, suna kumbura roba su laushe ta, ga kama ƙura. Shiru na mako ɗaya, sannan roba ta mutu. In za a shafa wani abu, giris ɗin silikon ne.

Injiniya:
Game da tabon sifirin, ka gane abu ɗaya kafin ka kashe ƙarfinka. Sauke zoben ba zai hana opa am taɓa sifirin a ƙarshen buɗewa ba, don wancan matsayin tsawon shok ne ke yanke shi. Abin da zai yi shi ne ya mayar maka da rabon sauka, ƙafar ta daina kaiwa can a kowane ƙaramin rami. Fara da wannan. In bayan haka yana bugawa a hanyar da kake bi kullum, sai ka nemi opa am da aka ƙera don motar da aka ɗaga. Yana ba sifirin wuri, yana kuma taimakawa alaimen ya dawo daidai.

A baya ma kada ka tsaya a kan ƙara ta ɗauke. Ɗaga shasi har aksil ya rataya a kan shok, ka taɓa tiyon burki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki, dole su kasance da sauran sassauci. Sannan ɗaura siririyar igiyar roba ta ɗaure waya a jikin sandar shok, ka tura ta ƙasa ta zauna a bakin bututu, ka loda motar yadda ka saba ka bi hanya mai ramuka. Inda igiyar ta tsaya, nan ne iyakar matsewar shok. In ta kai can ƙarshe ta matse, shok ɗin ne ke tare aksil maimakon robar tarewa da ke jikin shasi, kuma hakan na fasa bawul ko ya karya kunnen ɗauri. Maganinsa ƙara wa robar tarewa tsayi.

Mai Prado:
An sauke zoben zuwa tsagin ƙasa, a babbar na'ura aka matse sifirin, notin tsakiya kuma da hannu. Gaba yanzu 50 ne ba 75 ba. Ramin da nake gwaji da shi na shiga sau huɗu, ban ji dum ba sai sau ɗaya da na shiga da gudu da gangan. Kukan kuwa na sitabilaiza ne, robar hagu ta bushe ta tsage, na canja duka biyun. Tiyon burki na baya yana da sauran sassauci amma ba yawa, wayar ABS ce na ga ta ɗan miƙe, na cire ta daga maƙalinta ɗaya na ba ta hanya. Igiyar roba ta tsaya saura kamar faɗin yatsa biyu. An yi alaimen yau da rana.

Direba, shok ɗin dai lafiyarsu ƙalau. Baba, Injiniya, Mai Hilux, Allah ya saka da alheri.

Direban Daji:
Na janye maganar jabu, maigida. Ni ma gobe zan sa alanki a saman nawa na baya, don akwai wata 'yar ƙwas-ƙwas da na daɗe ina ɗora wa ƙofar but.

Tsohon Bakanike:
Amin, Allah ya tsare hanya. Mai Prado, kafin ka fita gobe, ɗauki farin fenti ka ja layi ɗaya a kan kowane noti da ka taɓa, layin ya sauka har jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Bayan kilomita 500 ka leƙa da tocila, in layi ya rabu biyu notin ya motsa. Ka sake auna tsayin a ranar, don sabon sifirin yana ɗan zama, in gaban ya sauka sosai a sake duba alaimen.